Sa-kai Ya Fi Bauta Ciwo: Runduna Ta 54 Da Dala Bakwai

Ran 28 ga Satumba, 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, wani kofur baƙar fata mai suna James Henry Gooding ya zauna a sansaninsu na tsibirin Morris, a bakin tekun Charleston ta jihar South Carolina, ya rubuta wa shugaban Amurka Abraham Lincoln wasiƙa. Tambayar da ya yi masa 'yar gajeriya ce: mu sojoji ne, ko leburori? Wata biyu da 'yan kwanaki kafin nan rundunarsa, Runduna ta 54 ta jihar Massachusetts, ta bar gawar kanar ɗinta da ta abokansa masu yawa a gindin ganuwar Wagner ta 'yan tawayen Kudu. A fagen fama harsashi bai tambayi launin kowa ba, amma a teburin albashi an tambaya. Farabiti farar fata yana karɓar dala 13 a wata, ga kuɗin kaki dabam. Baƙar fata an yanka masa dala 10, a cikinta ma a cire dala 3 ta kaki, abin da zai shiga aljihunsa dala 7 ke nan. Ko kurtu ne ko saja ne, duk kuɗin goro aka yi musu.

Na daɗe ina juya labarin wannan runduna a raina, kuma duk lokacin da na ji ana ba da shi sai in ga an tsaya a wuri guda, wato daren da suka afka wa Wagner. Daren ya cancanci a tuna da shi. Amma ni abin da ya fi kama ni shi ne wata 18 da suka yi suna yaƙi ba su karɓi ko sisi ba, da gangan, saboda sun ƙi yarda a yi musu farashin rabin mutum. A ganina jarumtar da suka nuna a gaban mai biyan albashi ta fi wadda suka nuna a gaban igwa wuya, kuma ita ce ta fi shafar mu.

Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a Afrilun 1861, jihohi 11 na Kudu suka ɓalle, kuma bauta ce tushen rigimar, don a lokacin akwai bayi kusan miliyan 4 a ƙasar. Da farko baƙaƙen fata sun kawo kansu, aka ce ba a bukata. Sai da yaƙi ya ci mutane, sai da Lincoln ya fitar da sanarwar 'yanta bayi ran 1 ga Janairu, 1863, sannan ƙofa ta buɗe. Gwamnan Massachusetts, John Andrew, ya samu izini ya kafa rundunar dakaru 'yan sa-kai, ta kusan mutum dubu, wadda aka ba lamba 54. Baƙaƙen fata ba su da yawa a jiharsa, don haka masu neman mutane suka bazu New York da Pennsylvania da Ohio har Kanada. Frederick Douglass, fitaccen mai fafutukar kawar da bauta, wanda shi kansa gudu ya yi daga bauta, ya shiga gari-gari yana kira, kuma bai tsaya ga tura 'ya'yan wasu ba, nasa biyu, Lewis da Charles, sun sa hannu. An yi musu alkawarin albashi daidai da na kowane soja. Hafsoshinsu kuwa duk farare ne, a ƙarƙashin wani matashi ɗan shekara 25, Kanar Robert Gould Shaw.

Ya kamata a san irin kasadar da suka ɗauka. Gwamnatin 'yan tawaye ta riga ta shelanta cewa duk baƙar fatar da aka kama da bindiga ba za a ɗauke shi fursunan yaƙi ba, za a miƙa shi ga jiha ta hukunta shi a matsayin bawan da ya yi bore, hafsansa farar fata kuma hukuncin kisa ne a kansa. Mafi yawan waɗannan mutane 'yantattu ne, suna da sana'a da mata da 'ya'ya a Arewa. Ba wanda ya tilasta su. Da idonsu biyu suka yi fareti a titunan Boston, babban birnin Massachusetts, ran 28 ga Mayu, 1863, suka shiga jirgin ruwa suka nufi ƙasar da in an kama su igiya ce ko kasuwar bayi.

Ganuwar Wagner tarin yashi ne da katako a kan wani siririn tsibiri, teku a gefe ɗaya, fadama a ɗayan, hanyar shiga kuma ƙunci gare ta. Da magaribar 18 ga Yuli aka sa su a gaba, su wajen 600, bayan kwana biyu na tafiya cikin ruwan sama da taɓo ba isasshen abinci ba barci. Sun kai saman ganuwar, an yi gaba da gaba da banati, amma ba su ci ta ba. Mutum 272 aka lissafa tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda aka kama. Shaw ya faɗi a kan ganuwar. Saja William Carney ya ɗauki tuta bayan mai riƙe da ita ya faɗi, ya dawo da ita da harbi a jikinsa, sai a 1900 aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka. 'Yan tawaye sun jefa gawar Shaw a rami guda da sojojinsa don su wulaƙanta shi, mahaifinsa kuma ya hana a tono ta, ya ce a bar ɗansa inda yake tare da mutanensa.

Wannan shi ne ɓangaren da ake rerawa. Yanzu a koma teburin albashi.

Ma'aikatar yaƙi ta fake da wata doka ta 1862 wadda ta yi maganar ɗaukar baƙaƙen fata aikin ƙarfi a kan dala 10, ta ce ita ce ta hau kansu. Aka busa begila, aka jera su, mai biyan kuɗi ya baza takardunsa. Suka ce a mayar. Ya sake dawowa bayan watanni, amsar ba ta canja ba. Wanda ya taɓa zama da iyali ba albashi ko na wata biyu ne ya san nauyin wannan magana. Wasiƙu suna zuwa daga gida: kuɗin haya ya taru, hunturu ya shigo, yaro ba lafiya, wasu matan ma sai da suka koma gidan gajiyayyu. Mutum yana karanta wannan da dare, gari ya waye ya ɗauki shebur ya tafi haƙa ramuka a ƙarƙashin ruwan bama-bamai, kuma ya san dala 7 tana nan tana jiransa in zai miƙa hannu. Bai miƙa ba.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne a ƙarshen 1863. Gwamna Andrew, wanda kunyar alkawarin da ya ɗauka ta dame shi, ya sa majalisar jiharsa ta amince a cika musu gibin daga baitulmalin jiha, ya aiko da wakilai da kuɗin har sansani. Suka gode masa, suka ƙi. Da yunwa ce kawai matsalarsu da sun karɓa, don kuɗin dai kuɗi ne ko daga ina ya fito. Su kuwa sun gane cewa in suka karɓi ciko daga hannun mai tausayi, to dokar tarayya tana nan yadda take, tana cewa darajarsu dala 7 ce, kuma duk baƙar fatar da ke wata runduna wadda ba ta da gwamna irin Andrew zai ci gaba da zama a kan dala 7. Haƙƙi suke nema, aka kawo musu kyauta, suka san bambancin.

Duk wannan ba su ajiye bindiga ba. Ran 20 ga Fabrairu, 1864, a Olustee ta jihar Florida, sojojin tarayya, wato na Arewa, sun sha kashi, Runduna ta 54 na cikin waɗanda suka tsaya a baya suka tare abokan gaba har sauran suka janye. Da jirgin ƙasan da ke ɗauke da masu rauni ya lalace a hanya, aka mayar da su baya, suka ɗaura masa igiyoyi suka ja shi da ƙarfin damtse. Mutanen da ba a biya ba kusan shekara guda ke nan. A wannan yaƙin aka harbi Gooding aka kama shi. Ya mutu a kurkukun 'yan tawaye na Andersonville ran 19 ga Yuli, 1864, bai taɓa riƙe albashinsa na soja ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai nauyi: soja ba ma'aikacin kamfani ba ne, in kowane kurtu zai zaɓi abin da zai karɓa da abin da zai ƙi, to babu sauran runduna. Na yarda da'a ita ce ƙashin bayan soja. Sai dai a duba abin da waɗannan mutane suka ƙi. A matsayin runduna ba su ajiye aiki ba, ba su ƙi fita fage ba. Kansu suka cutar, ba ƙasar ba. Kuma a inda abin ya wuce haka, a duba wa ya fara karya alkawari. A wata rundunar baƙaƙen fata ta South Carolina, Saja William Walker ya jagoranci mutanensa suka jingine bindigoginsu a gaban tantin kwamanda saboda wannan albashin, kotun soja ta same shi da laifin bore, aka harbe shi a farkon 1864. Gwamna Andrew ya yi magana a kan haka wadda har yau ba ta tsufa ba. Ma'anarta ita ce, gwamnatin da ta rasa dokar da za ta biya shi a matsayin soja, ba ta rasa dokar da za ta harbe shi a matsayin soja ba. Na tuna da wannan magana a Disambar 2014, lokacin da kotun soja a Abuja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita yaƙi da Boko Haram, su kuwa suna cewa ba a ba su isassun makamai ba. Bayan shekara guda an sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara 10. Ba ina cewa lamarin biyu iri ɗaya ba ne. Ina cewa da'a igiya ce mai baki biyu, kuma wanda ke sama ba shi da ikon sakin nasa bakin ya ce na ƙasa ya riƙe.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan laushi, kuma ta fi ta haɗari. A Agustan 1863 Douglass ya je fadar shugaban ƙasa ya kai kukan sojojin. Bisa ga abin da shi Douglass ya ba da labari daga baya, Lincoln ya saurare shi da mutunci, ya ce za a daidaita a hankali, amma ya nuna masa cewa baƙaƙen fata sun fi kowa dalilin shiga wannan yaƙi, don haka ya kamata su yarda su shiga ko da wane sharaɗi. A zahiri gaskiya ce, 'yancin danginsu ake yaƙi a kai. Amma a duba inda maganar ta nufa: tun da abin ya fi yi maka ciwo, to sai a biya ka ƙasa da kowa. An ɗauki kishin mutum an mayar da shi dalilin rage masa. Hausawa da suka ce sa-kai ya fi bauta ciwo sun san wannan wuri sarai. Bawa an san an zalunce shi. Ɗan sa-kai kuwa in ya yi kuka sai a ce ai kai ka kawo kanka.

Majalisar dokokin tarayya ta gyara dokar ran 15 ga Yuni, 1864, amma da wutsiya: cikakken bashin baya sai ga wanda yake ɗa tun ran 19 ga Afrilu, 1861. Wato aka sake raba su gida biyu, 'yantattun asali da tsofaffin bayi. Kanar Edward Hallowell, wanda ya gaji Shaw, ya tsara musu wata rantsuwa da kowa zai iya yi da gaskiyarsa, cewa a wannan rana ba wanda yake bin sa bashin aikin da ba lada, don kuwa bawa ma ba a bin sa irin wannan bashi, ƙwace ake yi masa. A ƙarshen Satumban 1864 aka biya su. Sauran rundunonin da abin bai shafa ba sai a Maris na 1865 aka share musu hawaye. Kafin yaƙin ya ƙare baƙaƙen fata kusan 180,000 sun sa kakin tarayya, wajen kashi ɗaya cikin goma na sojojinta, kuma kusan 40,000 ba su koma gida ba, akasarinsu cuta ce ta kashe su.

Wani zai ce me ya haɗa mu da yaƙin da aka yi a bayan teku shekara 160 da suka wuce. To akwai namu a ciki. Masu sa-kai sun yi wa Runduna ta 54 yawa har aka buɗe ƙanwarta, ta 55, wadda ita ma ta ƙi karɓar dala 7. A cikinta akwai Muhammad Ali bin Sa'id, wanda takardun Amurka suka sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Borno, ɗan Barka Gana, babban kachallan Shehu al-Kanemi. Yana yaro mahara suka kama shi. A labarin da ya rubuta da hannunsa ya ce an bi da shi ta Katsina da Damagaram, aka keta Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha, inda aka yi masa baftisma aka sa masa suna Nicholas. Ya zaga Turai, ya iya harsuna da dama, ya isa Amurka yana ɗa, ya yi koyarwa a Detroit. Mutumin da ya san ɗanɗanon bauta a jikinsa, ya kuɓuta, ba dangin iya ba na baba a ƙasar, shi ne ya je ya sa hannu a 1863, har ya kai saja. Bayan yaƙi ya zauna a Kudu yana koyar da 'ya'yan 'yantattun bayi. Da ya buga tarihin rayuwarsa a Memphis, wani birni a Kudu, a 1873, ya ba da labarin Borno da Makka da Rasha, amma bai ambaci ko sau ɗaya cewa ya yi soja ba. A Kudun wancan zamani, baƙar fata ya ce ya ɗauki bindiga a kan farare magana ce da za ta iya cin ransa. Duk lokacin da na tuna wannan shirun nasa sai jikina ya yi sanyi.

A unguwarmu akwai wani dattijo da ya yi yaƙin basasarmu ta 1967 zuwa 1970. Yana yaro ya shiga, bai gaya wa mahaifiyarsa ba sai da ya dawo daga horo da askin ƙwal-kwabo. Takardunsa suna cikin leda, ledar cikin wata leda, a ƙasan tsohuwar adaka. Na taɓa raka shi tantancewar fansho. Tun asuba muka je, ya zauna a dakali da sandarsa tsakanin gwiwoyi, rana ta take, aka leƙo aka ce a dawo wani mako. Da muka fito na ce, "Baba, bari in biya kuɗin motar, in ƙara maka wani abu ka riƙe." Ya yarda da kuɗin motar, sauran ya mayar mini cikin tafin hannu ya dunƙule. Ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ni nawa nake jira." Bai taɓa jin sunan Massachusetts ba, amma amsar da suka ba wakilan Andrew ita ya ba ni.

Yau muna da 'yan sa-kai ko'ina. Tun 2013 matasan Maiduguri suka fito da gora da adda suka taimaka aka kori Boko Haram daga cikin gari, kuma da yawansu sun mutu. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Duk gwamnatin da ta ɗauki matashi ta sa masa kaki ta tura shi dajin da take tura soja, to ta rubuta haƙƙinsa a doka: nawa ne albashinsa, ran nawa ga wata, wa zai biya asibiti in an harbe shi, me matarsa da marayunsa za su samu in bai dawo ba. Buhun shinkafa da ambulan da ake miƙa wa gwauruwa a gaban kyamara alheri ne, kuma Allah ya saka, amma yana tafiya ne da wanda ke kan kujera. Ran da ya sauka shi ke nan. Kuma kada a ce musu ai garinku kuke karewa. Sun sani, shi ya sa suka fito.

Ban manta da ɗaya gefen ba. An sha zargin 'yan sa-kai da kisan ba gaira ba dalili da huce haushi a kan ƙabila, kuma a wurare da dama hakan ya ƙara rura wutar da aka ce su kashe. Ita ma Runduna ta 54 tana da tabo. A Yunin 1863 wani kanar mai suna James Montgomery ya sa aka wawashe garin Darien na jihar Georgia aka ƙone shi, alhali ba mayaƙa a ciki, kuma an yi amfani da wasu daga cikinsu. Shaw ya nuna ƙin amincewa, ya rubuta wa na sama da shi ƙorafi. Ya iya yin haka ne saboda akwai tsari, akwai wanda za a kai wa ƙara, akwai sunan kowa a rajista. Mutumin da ka ba bindiga ba ka ba shi albashi ba, ka riga ka nuna masa inda zai nemi abinci, kuma ranar da ya yi ɓarna ba ka da bakin tuhumarsa. Biyan haƙƙi da hukunta laifi tare suke tafiya, wanda ya yar da na farko ba zai iya na biyu ba.

An sallami Runduna ta 54 a Agustan 1865, bayan ta sake gwabzawa a Honey Hill da Boykin's Mill a jihar South Carolina. A 1897 aka buɗe musu abin tunawa na tagulla a Boston, daura da majalisar jiha: Shaw a kan doki, dakarunsa suna tafiya a gefensa da bindigogi a kafaɗa, kowace fuska da kamanninta. An sassaƙa sunayen fararen hafsoshin da suka mutu a jikin dutsen tun a lokacin. Sunayen baƙaƙen sojoji 62 da suka faɗi a Wagner kuwa sai a 1982 aka ƙara su.